Batir a Ƙarƙashin Kujerata

Ni dai ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Mutanen unguwarmu Utaibiyya, a nan Makka, Abu Talal suke ce masa, ni kuwa "mai karafan" nake cewa, kowa ya gane. Karafan ɗin nan ɗan gida ne mai taya da ake ja da mota, da gadajensa, da kicin, da banɗakin da in ka shiga sai ka fito da baya. In sanyi ya shigo mukan ɗaura shi mu haura bayan Ɗa'ifa mu yi kwanaki a daji, abin da jikokina ke kira kashta. Can kaɗai nake jin Hausa a bakinsu, ko da a karye.

Ba na zuwa kashta sai da Sa'adatu. Aminiyata ce, tare muka sayar wa alhazai funkaso a unguwar Misfala tun muna da haƙora. Yanzu tana da wani inji da ake ɗaura mata a hanci in za ta kwanta, don numfashinta yakan tsaya cikin barci. Bara batiran karafan suka mutu kafin gari ya waye, injin ya yi shiru, sai a asibiti muka karya kumallo. 'Ya'yanta suka ce shi ke nan, ba ita ba daji, sai in wuta za ta kai safe. Sa'adatu ba ta yi musu ba, amma duk wanda ya ambaci sanyi sai ta kau da kai ta fara gyara mayafi.

Shi ya sa mai karafan ya sayo sababbin batira, waɗanda ake kira litiyum. Ba ruwa a cikinsu, ba wari, nauyinsu bai kai rabin na da ba, kuma an ce sai su kwana suna aiki ba gajiya. Aibinsu ɗaya, ba sa son zafi. Mai sayarwa ya ce in suka gasu, kashe kansu suke yi. To, a Makka muke.

Nan gardama ta tashi tsakaninsa da ƙanensa Rabi'u, autana, a kan inda za a sa su. Ni kuwa tagar ɗakina daidai inda ake ajiye karafan take, ba laifina ba ne in iska ta kawo mini magana.

"A mayar da su akwatin gaba, inda tsofaffin suke," in ji Rabi'u.

"Akwatin ƙarfe a rana? Jiya ka manta cakulan ɗinka a ciki, da cokali ka kwashe shi."

"Tayyib, a sa su can baya cikin kabad."

"Nauyi a wutsiya, ga gangaren dutsen Hada a hanya? Karafan ya dinga rawa kamar amarya, mu kuma muna salati."

"To ina?"

Na leƙa ta labule na ga su biyun sun zuba wa kujerata ido.

Kujerar nan doguwa ce, a tsakiyar karafan, daidai saman tayoyi, inda rana ba ta taɓa kaiwa. A kanta nake zama, kunne ɗaya na jin hirar maza a waje, ɗaya na jin ta mata a ciki. Ƙarƙashinta akwati ne, kuma nawa ne tun ranar da aka sayo karafan. Daddawata tana ciki, da kuka, da busasshen kifi, da yajin da alhazan Kano ke kawo mini. Jikoki su toshe hanci, su kira ni kaka da Larabcinsu, su ce, "Ya Sitti, mene ne ya mutu a nan?" amma in na kaɗa miya har kwano suke suɗewa.

"Kai ne auta, je ka faɗa mata," in ji babban.

"Ni? Wallahi gara in ɗauki batiran a kaina har Ɗa'ifa."

Kun ga inda matsalar take. Shi ba zai iya tsayawa gabana ya ce in kwashe kayana ba. Ni kuma ba zan kira ɗan fari in ce masa ga wuri na ba ka ba, sai ka ce wata uwar zamani. Kwanaki suna tafiya, batira na zaune a kwali, har na ji suna shawarar manna soso a akwatin gaba don tare zafi, su gwada sa'a. Gwada sa'a da numfashin Sa'adatu!

Ranar Juma'a da maza suka tafi Harami, na ɗauki makulli na kwashe akwatin tas, na wanke shi da ruwan lemon tsami, na bar murfin a buɗe. Daga nan na yafa mayafi na shiga gidan Hadijatu maƙwabciyata. Hadijatu mace ce mai kirki, sai dai magana ba ta kwana a cikinta.

"Hadijatu, zan faɗa miki wani abu, amma ki rufa mini asiri."

Ta jawo kujera har gwiwarmu ta haɗu. "Haba Hajiya, kin san ni."

"Don na san ki na zo. Akwatina na karafan a kwashe yake, wayam. Wasu masu gemu suna ta neman wurin batir, ga wuri ya buɗe baki yana kallonsu."

"La ila! Ƙarƙashinki? Hajiya, an ce abin nan fashewa yake! Wata a Jidda…"

"Wace ce a Jidda?"

"To, ban riƙe sunanta ba."

"In kin tuna ki gaishe ta. Ke dai kada kowa ya ji."

Kafin la'asar maganar ta kai Misfala. Da ta juyo ta shigo gidanmu ta bakin surukata, har ta yi ƙiba: wai Hajiya ta rantse in ba a sa batir ƙarƙashinta ba, ƙafarta ba za ta sake taka karafan ba, wai ma ta ce ɗumin zai yi mata maganin sanyin ƙashi. Ban ƙaryata ba.

Washegari da hantsi ina zaune a bakin ƙofa sai ga mai karafan da akwatin kayan aiki. Ya tsaya nesa kaɗan, ya dubi ƙanensa.

"Rabi'u, ka tambaya mana, in an huda gefen kujerar don iska ta shiga, akwai mushkila?"

Na dubi butar shayina na ce mata, "Wanda ya iya aikinsa ba ya tambayar tsohuwa inda zai huda."

Sai na ga gefen gemunsa na motsi.

Wuni ya yi a ciki. Ban shiga ba, amma ƙofa a buɗe take. Ya kafa katako a ƙasa, ya ɗaure batiran da ɗamara yadda ko rami aka faɗa ba za su motsa ba, ya ja wayoyi masu kauri gajeru, ya rufe kawunansu da roba, ya sa makashin wuta inda hannu zai kai. Ba waya ɗaya da ta hau kan 'yar'uwarta. Ubansa, Allah ya ji ƙansa, haka yake jera igiyoyin tanti a Mina lokacin aikin Hajji, har shugabannin aiki su tsaya kallo.

Bai ce wa 'ya'yan Sa'adatu su yarda da bakinsa ba. Ya aro injin nata, ya kunna shi a karafan tare da firji, ya kira babban ɗanta ya sa shi ya kulle ƙofar da hannunsa ya tafi da makullin. Da safe da ya buɗe, injin na nan yana huci, ko rabin wutar bai ci ba.

Da sanyi ya kankama muka haura. Safiyar farko a daji, bayan mun idar da salla, na hau kujerata. Sa'adatu ta fito da shatin robar injin a kumatunta, ido tar.

"Ke, kin fashe?" ta ce.

"Saura kaɗan. Ke fa, kin mutu?"

"Barci na yi irin na amarci. Wannan ɗa naki, Allah ya yi masa albarka."

"Wane ɗa? Ni wuri kawai na bayar."

Ta taga na hango shi yana hura wuta, ya yi kamar bai ji ba. Na buga murfin kujerar da tafin hannu yadda ake buga wuyan raƙumi mai tsada.

Daddawata kuwa akwatin gaba ta koma, inda tsofaffin batira suka tashi. Rana ta dafa ta tun daga Makka, ta nuna yadda ba ta taɓa nuna ba. Rabi'u ya buɗe akwatin neman igiya, ya ja da baya yana tari yana kiran sunan Allah. Sa'adatu ta shaƙi iska ta ce, "Yawwa. Ɗora tukunya."