Zoɓorodon Gwiwa a Bakin Mashigin Panama

Lauwali ya ci amana, kuma da ruwa ya ci ta. Shi ke riƙe da makullan siton ƙungiyar manoman zoɓorodo da ke Kazaure, inda manoman Babura da Roni da Gwiwa ke tara kayansu kafin a kai Legas a sa a jirgin ruwa zuwa Meziko. Kawunsa Alhaji Nafi'u, shugaban ƙungiyar, shi ya ba shi aikin don ɗan ƙanwarsa ne, ba don an taɓa gwada riƙonsa ba.

Ga yadda yake yi. In an auna kayan manomi, an ɗinke buhunan algarara an jera, sai ya goya tankin feshi ya bi layi-layi yana fesawa. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masa maganin ƙwari ne, har a sa masa albarka. Ruwan rijiya ne zalla a ciki. Busasshen zoɓorodo kuwa ba ya ganin ruwa ya ƙyale. Kafin kwana biyu buhu ya ƙara nauyi, bayansa ya bushe kamar ba a taɓa shi ba. Mai saye da nauyi yake karɓa, ba da yawan buhu ba, saboda haka da zarar nauyin ya cika, buhunan da suka yi rara sai Lauwali ya fitar da su ta ƙofar baya ya kai kasuwa da sunansa.

Shekara biyu yana haka ba a gane ba, domin ya san kwanakinsa. Daga Kazaure zuwa hannun mai saye kwana hamsin ne, danshin kuwa ba ya fara ɓarna sai ya haura sittin. Da wannan ratar ta kwana goma yake cin haƙƙin mutane.

Bana aka shigar da matan Gwiwa ƙungiyar. Su arba'in ne, shugabarsu Mu'minat, dattijuwa mai kaifin baki wadda ta yi shekara biyu tana sintiri a kan acaɓa tsakanin Gwiwa da Kazaure kafin a yarda a karɓi kayansu. A kan falalen dutse suke shanya, ba sa kwashewa sai sun damƙa sun ji yana ƙaras-ƙaras. Da Lauwali ya sa hannu ya ji irin bushewar, sai ya yi wa buhunansu feshi sau biyu. Su ne suka zo ƙarshe, don haka buhunansu aka jera a bakin ƙofar kwantena, kowane buhu da GWIWA a jikinsa da shuɗin fenti.

Bayan tafiyar kayan da mako uku, Alhaji Nafi'u na zaune a gindin dalbejiyar ƙofar sito da rediyonsa, ya kira Lauwali.

"Zo ka ji. Amurka na ƙorafin wai Chaina ta yi kane-kane a tashoshin da ke bakin mashigin Panama. Ta nan fa kayanmu za su bi."

"Mashigi kuma, Kawu?"

"Wata hanyar ruwa ce da aka haƙa ta ratsa ƙasa, jirage su tsallaka daga wannan teku zuwa wancan. Duk mai riƙe da bakinta ya riƙe wuyan ciniki. Shi ya sa manya ke hararar juna a kanta."

Lauwali ya yi dariya. "Ina ruwan Kazaure da faɗan giwaye? Su ƙarata can."

Bai ƙara dariya a kan zancen ba. Rana ta arba'in da biyu Halliru ya bugo waya, wakilin ƙungiyar da ke zaune a Legas yana bin takardun kaya. Alhaji ya buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, an samu tsaiko. Kamfanin jirgin ya ce ba zai sauke kaya a tashar bakin mashigin ba sai ya ga inda rigimar nan ta dosa. Can ne ya kamata a sauya wa kwantenarmu jirgi. Yanzu sun ajiye ta a wata tashar daban, tana jiran wanda zai ɗauka."

"Har kwana nawa?" Lauwali ne ya tambaya, kafin kawunsa ya buɗe baki.

"Wa ya sani? Mako biyu, wata guda. Ba mu kaɗai ba ne."

"A rana take ko a inuwa?"

Halliru ya tuntsire da dariya. "Kai Lauwali, akwai mai yi wa kwantena rumfa? Kwantar da hankalinka, busasshen zoɓorodo ko shekara ya yi ba abin da zai same shi."

"Haka ne," in ji Alhaji. Ya dubi ɗan ƙanwarsa da jin daɗi, yana ganin kishin aiki ne ya sa shi yawan tambaya.

Kwana sittin suka cika, suka wuce. Lauwali ya sayi rediyo nasa na kansa. Mutumin da watan jiya bai san akwai wata ƙasa Panama ba ya koma yana tare ma'aikatan sakatariya a wurin mai shayi yana tambayarsu ko an yi sulhu. Ya rame, ya daina cin abincin rana. Bayan kowace salla yana roƙon Allah ya daidaita Amurka da Chaina, amma bai taɓa roƙa wa kansa ƙarfin zuciyar da zai je ya faɗa wa kawunsa gaskiya ba. Da ya faɗa a lokacin, da an san abin yi. Ya zaɓi shiru.

A rana ta casa'in da ɗaya kwantenar ta isa. Washegari hotuna suka shigo wayar Alhaji. An buɗe ƙofa, buhunan gaba sun yi baƙi, fumfuna ta lulluɓe su, amma shuɗin fentin na nan ana karanta shi sarai. Tare da hotunan akwai saƙon mai saye ta bakin Halliru: a gano masu wannan aika-aika a fitar da su daga ƙungiyar cikin mako guda, in ba haka ba ya daina sayen ko ƙwaya ɗaya daga Kazaure.

Lauwali ya kalli hotunan ya ga ƙofar tsira. "Kawu, dama na yi zargi. Matan nan sun makara, sai suka kwashe shi ɗanye don kar mota ta bar su. Na so in yi magana, na ji kunyar furfurar Hajiya Mu'minat."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ya san abin da za ta jawo. Mata arba'in za su koma sayar wa 'yan kan hanya a wulaƙance, da tambarin masu ha'inci a goshinsu.

Aka kira taro ranar Laraba bayan la'asar a cikin siton. Maza suka zauna a tabarmi, Mu'minat da mata uku suka zauna daga gefe kusa da sikeli. Alhaji ya miƙa wayar ta zaga hannu-hannu. Malam Musaddiƙ, wakilin Babura, bai jira an ba shi dama ba.

"Ranka ya daɗe, ba sai an ja zance ba. Sunan wa ke jikin buhun? Shekara biyu muna aikawa lafiya. Bana aka shigo da baƙi, bana aka yi asara. A sallame su mu tsira da kasuwarmu."

Aka yi ta "haka ne, haka ne". Mu'minat ta riƙe wayar nesa da idonta tana kallo, da hayaniyar ta lafa sai ta dubi Alhaji.

"Alhaji, Allah ya ba ka nasara. Buhunan nawa ne, ban musa ba. Amma bayan buhu aka nuna mini. Ina son in ga cikinsa."

"Me zai bambanta, Hajiya?" in ji Malam Musaddiƙ. "Ruɓa ai ruɓa ce."

"Malam, kai noma shi kake, mu muke shanya shi. Zoɓorodon da aka ɗura ɗanye daga tsakiya yake ɗaukar zafi, kamar tarin taki, don can ne iska ba ta kaiwa. Sai cikin ya gama lalacewa kafin bayan ya nuna. In kuwa bayan ne ya ruɓe cikin na nan garau, to ruwa daga waje ya same shi, bayan an ɗinke. A ce wa mutanen su tsaga buhu gida biyu su ɗauko hoto. In tsakiyar ta ruɓe, ni da kaina zan kwashi matana mu tafi, ba sai an kore mu ba."

Lauwali ya matso kusa da kawunsa. "Kawu, mutanen nan a fusace suke. Mu kuma ɗora masu aike? Kuma yanzu can tsakar dare ne."

Alhaji ya buga wa Halliru ya maimaita masa buƙatar, har da zancen dare.

"Wane dare?" in ji Halliru. "Yanzu suka buɗe ma'ajiyarsu, hantsi ne a can. Ku ba ni rabin awa."

"Ɗan nan," Mu'minat ta ɗaga murya don wayar ta ɗauka, "ka ce su shiga ciki su ciro na Roni ɗaya da na Babura ɗaya, su ma a tsaga."

"To, Hajiya."

"Namu kuma me ya kawo shi?" Malam Musaddiƙ ya harzuƙa.

"In lafiyarsa ƙalau, ai ka samu abin yi mini gori."

Alhaji ya ajiye wayar a tsakiyar tabarma. Zafin kwanon rufin ya sauko a kan mutane, ana jin ƙarar adaidaita sahu na wucewa a titi. Ɗaya daga cikin matan ta fara sharar hawaye, Mu'minat ta daka mata harara ta daina. Ita kanta ba ta da tabbas. Ta san yadda ta shanya nata, amma mata arba'in ne, ba ta tsaya a kan kowace ba. In guda ɗaya ta yi gaggawa, kuma aka yi rashin sa'a buhunta aka tsaga, shi ke nan.

Rabin awa ta wuce. Lauwali ya miƙe yana karkaɗe riga.

"Ina zuwa, Kawu, zan ɗan kama ruwa."

Alhaji ya ɗaga kai ya dube shi. Rigar Lauwali ta jiƙe sharkaf da gumi har gadon baya. Dattijon ya daɗe yana kallonsa.

"Zauna."

"Kawu, yanzu zan..."

"Na ce ka zauna."

Wayar ta yi ƙara. Hoton ya tsaya dishi-dishi saboda raunin sabis, kawuna suka haɗu a kansa ana jira. Da ya washe, ga buhun Gwiwa a tsage gida biyu a kan siminti. Gefensa baƙi ƙirin, kaurin tafin hannu, ya zagaye shi kamar ƙawanya. Tsakiyar ja wur, a bushe, har ta zube a ƙasa warwar. Hoto na biyu na Roni ne, na uku na Babura. Baƙin nasu bai kai na Gwiwa kauri ba, amma zagayen iri ɗaya ne.

Malam Musaddiƙ ya karɓi wayar ya ƙura wa buhun garinsu ido. "Innalillahi. To wa ya jiƙa mana kaya?"

"Ko ruwan teku ne ya shiga?" wani ya ce daga baya.

Alhaji ya tambayi Halliru. Halliru ya ce an duba kwantenar tun jiya, ba huda ba tsatsa, kuma har buhunan tsakiyar jeri haka suke.

"Daga hannunmu zuwa mota, wa ke taɓa buhu?" in ji Mu'minat. Ba ta kalli kowa ba.

Idanu suka koma kan tankin feshin da ke rataye a bango.

"Maganin ƙwari ne," in ji Lauwali. "Kowa ya sani."

"Wane iri?" Alhaji ya tambaya. "Kawo kwalbar mu gani."

"Ta ƙare, na yar."

"A wane shago ka saya? Mu aika yanzu."

Mu'minat ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa, ta sauko da tankin, ta kwance murfin ta shinshina, ta miƙa wa Malam Musaddiƙ. Duk manomi ya san tankin da ya taɓa ɗaukar magani ko sau ɗaya ba ya rabuwa da wari. Wannan ba ya warin komai.

Lauwali ya zube a gaban kawunsa. "Kawu, wallahi ba nufina a yi asara ba. Sau biyu ina yi yana isa lafiya. Da jirgin ya wuce kan lokaci ba wanda zai ji. Rigimar Amurka da Chaina ce ta jawo..."

"Amurka ce ta goya tankin?" in ji Mu'minat. "Ko Chaina ce ta ce matan Gwiwa sun kwashe shi ɗanye?"

Malam Musaddiƙ ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ki yafe mini."

"Na yafe, Malam. Gobe ka riƙa tsaga buhu kafin ka tsaga mutum."

Alhaji Nafi'u ya miƙa hannu, Lauwali ya ciro makullan daga aljihu ya ɗora masa. Sannan dattijon ya ɗauki waya ya ce wa Halliru ya sanar da mai saye cewa an gano mai laifin, mutum ɗaya ne, ɗan ƙanwar shugaban ƙungiya ne, matan Gwiwa kuma suna nan daram.

Shi da kansa ya kai ƙarar. Kotu ta ɗaure Lauwali shekara biyu, aka sayar da gonarsa ta Roni aka rage wa manoma asara, ƙungiya kuma ta soke sunansa har abada.