Tattabarun Tehmina

Fiye da shekara Tehmina ta yi tana gina tattabarun nan. Guda dubu biyu, kowace da irin tashinta, suna shawagi a kan gidajen tsohon birnin Lahore a cikin gem ɗin, wato wasan kwamfuta, da muke haɗawa. Da ka hau saman bene sai su tashi gaba ɗaya su rufe maka sama. Ni ne mai gwada gem ɗin kullum, kuma ban taɓa gajiya da kallonsu ba.

Kamfanin da zai sayar da gem ɗin yana da na'urar wasa iri biyu, babba mai tsada da ƙarama ta talaka. Sharaɗinsu shi ne duk abin da ke cikin babbar dole ya fito a ƙaramar. Tun bara suka aiko mana da ƙaramar don gwaji. Sai maigidanmu Shehryar sahib ya jefa ta cikin kabad ɗin gilashi na ofishinsa, da ledarta da komai, yana nuna wa baƙi. Sau uku ina roƙonsa makulli.

"Sabuwa ce fil, Danish," in ji shi. "Ku da hannunku duk man samosa."

Sai da ya rage mako shida mu miƙa aiki sannan ya ɓare ledar. Na kunna, na hau bene, tattabaru suka tashi, hoto ya tsaya cak. Ƙwaƙwalwar na'urar ba ta iya ɗaukar ko rabin rabinsu.

Tehmina ta ce, "Sahib, da ka ba mu ita tun bara, ai da na gina su daidai ƙarfinta."

"Yo tsuntsu ba tsuntsu ba ne? A rage."

Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa na'urar a ka. Abin da ya ɓata da kwalliyar kabad, Tehmina ce za ta gyara da hannunta.

Ta rage zuwa dubu, ban ga canji ba. Ɗari biyar, hoto na rawa. Kullum sai ta leƙo teburina.

"Yanzu fa?"

"Baji," in ce mata, don haka ake kiran babbar yaya a wurinmu, "har yanzu na'urar tana shaƙewa."

A arba'in na'urar ta yarda. Saboda sharaɗin nan, babbar ma arba'in ɗin ta samu, ita da za ta iya ɗaukar dubu biyar ba ta yi gumi ba.

Ranar da aka nuna wa mutanen kamfanin, Shehryar sahib ya fito daga taro yana sakace haƙori, ya tsaya a kan Tehmina a gaban kowa.

"Sun ce saman ya yi fayau, kamar garin ba kowa. Ni ma na gani. Ba za ki ɗan dage ki ƙara tattabaru ba?"

Ta ɗago ta kalle shi. Sannan ta tashi daga kujerarta, ta juya masa ita.

"Bismillah, sahib. Zauna ka ƙara ko guda ɗaya."