Takardar Siminti a Gindin Tanki

Mu'azu na tsakiyar kiciniyar cusa injin walda cikin adaidaita sahu, yana lallaɓa wayoyin kada su yi ƙara, sai ga Mama Kande ta leƙo daga ƙofar gidan da ke jikin nasa.

"Malam Mu'azu, Babanku na kira. Ya ce ka sauke wannan injin tukuna."

Wato duk sanɗar da ya yi a banza. Baba Istifanus, mijin Mama Kande, wanda kwana tara ke nan yana kwance, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa, ta taga ya ji jan waya ya gane.

Shekara ashirin da biyu suna maƙwabtaka a Gyadi-Gyadi, kuma duk shekarun nan musu ɗaya suke yi. Mu'azu mai walda ne, a wurinsa duk ƙarfen da bai sha wuta ba wasan yara ne. Shi kuwa Baba Istifanus, mutumin Kagoro, aikinsa haɗa manyan tankunan da kamfanoni ke tara gurɓataccen ruwa, irin waɗanda ake kawo fallayen ƙarfensu ɗai-ɗai, a sa roba a tsakani, a ɗaure da noti. Yana kiran Mu'azu sarkin ƙona ƙarfe, Mu'azu na kiransa telan maɓalli. Da sallah tuwon gidan Mu'azu ke fara shiga gidan Baba, da Kirsimeti shinkafar Mama Kande ke fara tsallaka katanga, a ci a ƙoshi a koma musu.

Tankin ƙarshe da Baba ya haɗa na wani ƙaramin kamfanin rini ne a Tarauni. A ƙa'idarsa, idan tanki ya sha ruwa na mako biyu robar takan kwanta, dole a koma a ƙara ɗaure notin layin ƙasa. Ciwo ya kayar da shi kafin ya koma. Da safiyar nan manajan ya bugo wa Mu'azu, tunda ya san maƙwabta ne, ya ce baƙin ruwa na ɗiga daga gindin tankin, ga kuma gidaje masu rijiya a bayan katanga. Mu'azu ya so ya je ya liƙe wurin a ɓoye. Ya san abu ɗaya tsohon ke tinƙaho da shi a duniya: shekara talatin da biyar, tankinsa bai taɓa yoyo ba.

Ya shiga ɗakin Baba, kansa a sunkuye. Warin man zafi ya cika ko'ina, rediyo na magana ƙasa-ƙasa kusa da matashi. Baba ya rame har agogonsa ya zamo zuwa gwiwar hannu, amma idon nan na gardama yana nan.

"Baba, ɗan ɗigo ne fa. Minti goma na liƙe shi."

"Ka liƙe shi, ka ƙone mini roba, ka babbake fentin ciki? Wata uku tsatsa ta huda shi, mutane su ɗebo ruwan rini a rijiyarsu, su ce aikin Istifanus ne."

Baba ya sa Mama Kande ta jawo sifanarsa daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon zane, da ƙaramin gwangwanin fenti ruwan ɗorawa. Yana magana yana hutawa, ya ce a rage ruwan tukuna. Kada a bi notin a jere, a ɗaure wannan, a tsallaka can, a dawo. Kada a nuna musu ƙarfi, rubu'in juyi ya isa. Duk wanda aka taɓa a ɗiga masa fenti. In an gama a mayar da ruwa, a shimfiɗa takardar buhun siminti a gindin tankin ta kwana. Baki na iya ƙarya, in ji shi, takarda ba ta yi.

Mu'azu ya ce to, amma to ɗin mai walda ne. Da ya isa ya ga noti sun fi ɗari biyu, ga rana, sai ya bi su a jere yana murɗawa da iyakar ƙarfinsa. Ɗigon ya bar inda yake ya koma taku uku gaba, har da ƙari. Da la'asar ya dawo ya faɗi gaskiya yana susar ƙeya. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da Mama Kande ta harari Mu'azu. Shi kuwa Mu'azu dariyar ta yi masa daɗi, ta kuma ba shi tsoro, don ya ji yadda ƙirjin ke kuka.

Washegari ya rufe shagonsa, ya sassauta duk abin da ya murɗe, ya soma daga fari yadda aka ce. Ɗaure nan, zagaya can, ɗiga fenti. Gwiwoyinsa suka yi tsami, ma'aikatan rini na wucewa suna tambayarsa ko sarkin walda ya tuba ne. Bai kula su ba. Sau biyu ya tsinci kansa yana addu'a a kan noti, abin da bai taɓa yi wa ƙarfe ba. Kafin magariba aka mayar da ruwa, ya shimfiɗa takarda, ya danne ta da duwatsu.

Washegari da hantsi ya ɗauko ta ya hau babur. Tun daga bakin layi ya ga takalma a ƙofar gidan Baba. Matan cocinsu ne zaune a tsakar gida suna waƙa a hankali. Mama Kande ta yafito shi, ta ce tun asuba Baba bai buɗe ido ba, amma sau biyu ya ambaci Tarauni.

Mu'azu ya durƙusa bakin gado. Ya ɗaga hannun tsohon ya ɗora a kan takardar. Da farko ba motsi. Can sai yatsun suka soma tafiya, daga wannan gefe zuwa wancan, suna shafawa, suna neman danshi. Suka kai ƙarshe, suka dawo, ba danshi, suka tsaya.

"Ba ka sa masa wuta ba dai?" Muryar kamar daga cikin tulu.

"Wallahi Baba, ko ashana ban ƙyasta ba."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Ashe kana da hankali."

Bai ƙara magana ba. Ana kiran sallar azahar a masallacin layi ya cika, Mu'azu na riƙe da ƙafarsa yana kuka ba kunya.

Kwana uku bayan nan motar da za ta kai shi Kagoro ta tsaya a ƙofar gida. Kafin a rufe akwatin gawar, Mama Kande ta ninke takardar simintin sau huɗu, ta zura ta a aljihun kwat ɗinsa, ta daidaita bakinta kamar hankici. Mu'azu ne ya kama akwatin ta wajen kai. Har yanzu da sauran fenti ruwan ɗorawa a ƙarƙashin faratansa.