Ɓerayen Masar Goma Sha Tara

Dinatu ta rasu ranar Talata, huɗu ga Nuwamba, 2003, ta bar mini ɓerayen Masar goma sha tara a wani keji bayan ɗakin girki. Shekara goma sha ɗaya tana kiwonsu a gidanmu na Samaru, ban taɓa sa hannu a kejin nan ba.

Matan zumunta na cocinmu suka riƙa ciyar da su har aka share makoki. Ranar da 'yarmu Ƙauna za ta koma Kaduna ta ce, "Baba, a yanka su a raba wa maƙwabta. Kai da ko shayi ba ka iya dafawa."

"Ba za a yanka ba," na ce.

Ba son su nake ba. Na dai ga mutuwa ta ɗauki abin da ta zo ɗauka, ban ga dalilin yi mata gyara ba.

Ni ma'aikacin ɗakin karatu ne mai ritaya, kuma na san dabbar nan a takarda. Na san ba daga Masar take ba, daga duwatsun Kudancin Amurka aka kawo ta, inda danginta na daji ke yawo garke-garke cikin ciyawa. Na sha karanta wa Dinatu wannan tana tankaɗe. Takan ce, "To, Malam," ta ɗauki buhunta. Duk bayan kwana biyu sai ta shiga bas zuwa kasuwar Sabon Gari, ta dawo da ganyen da 'yan gwari suka zubar. Na ce mata abin kunya ne matar mai digiri tana tsintar shara. Ba sau ɗaya na faɗa ba.

Don haka na tsara musu abinci irin na masu ilimi: dusar masara, ƙuli-ƙuli da abincin kaji, kowanne da ma'auninsa. Mako uku suna ci. A na huɗu suka fara jan ƙafafun baya, gashinsu ya hargitse, dasashinsu yana jini. Fiton da sukan yi idan sun ji motsin ƙofa ya ɗauke. Kafin Kirsimeti na binne huɗu a gindin gwaiba.

Na koma littafi. Amsar tana wani shafi da na taɓa ja wa layi da hannuna. Ɓeran Masar kamar ɗan Adam yake, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa. Kakanninsa sun rasa wannan baiwa tun da daɗewa, bai dame su ba domin a cikin ɗanyen ganye suke kwana suke tashi. Ashe sharar Dinatu ce take riƙe da ransu.

Rani ne, ciyawa ta bushe, ni kuma girman kai bai bushe ba. Maimakon tsinta sai na sayo manyan kabeji uku a bakin titi na zuba musu. Suka ci kamar 'yan gudun hijira. Washegari biyu sun kumbura kamar ganga, kafin la'asar sun mutu. Saura goma sha uku.

Ranar nan na ɗauko buhun, na goge rigata, na shiga bas.

A layin 'yan gwari wani dattijo mai yankan kabeji ya tsayar da ni. Bappa sunansa.

"Wannan ai buhun Maman Ƙauna ne. Ina ta shiga? Wata biyu ina ajiye mata ganye yana ruɓewa."

Na gaya masa. Ya ajiye wuƙar. "Allah ya ba da haƙuri, Malam." Can ya dube ni daga hula har takalmi. "To kai ne mai littattafan."

"Ni ne."

"Ta ce ka san sunan kakan kowace dabba. Me ka ba su?"

"Kabeji."

"Zalla?" Ya yi dariya har da tari. "Haba Malam! Ko akuya ka ɗura wa kabeji zalla ai sai ta tashi sama."

Ya faɗa mini abin da ya ga tana yi. Ganyen karas take fara ɗiba, sai latas, sai fasasshen tattasai, kabeji kaɗan a ƙarshe. Ba ta taɓa ɗaukar ganyen albasa. Kowane ganye sai ta shinshina, in ta ji warin maganin feshi ta yar.

"Yaya take haɗawa? Wanne ya fi yawa?"

"Wannan kuma a gida take yi, Malam. Kai ne kake gidan."

Na tsuguna da gogaggiyar rigata na fara tsinta. Akinola, wanda muka yi aiki ofis ɗaya, ya wuce da matarsa, ya gaishe ni yana kallon wani waje. Na amsa da ƙarfi don kada ya zaci ban gan shi ba, na ci gaba da shinshina ganye.

Tun daga nan duk bayan kwana biyu ina Sabon Gari. Na koyi wanke ganyen, in bar shi ya tsane a inuwa. Na koyi ƙara sabon abu kaɗan-kaɗan. Ɗaya ya sake mutuwa a Janairu, ban san dalili ba har yau. Goma sha biyun suka miƙe, fito ya dawo, ba ya bari in yi karatun safe. A ƙarshen Maris wata mai jan kunne ta haifi uku, da gashinsu da haƙoransu, ido buɗe, suna gudu kafin in gama mamaki.

Yanzu bazara ta shigo. Littafin ya ce zafi yana kashe su cikin sa'o'i, amma wanda ya rubuta shi bai san Samaru a watan Afrilu ba. Na mayar da kejin inuwa, na rataya jiƙaƙƙen buhu, ina gwadawa ina dubawa. Ba zan sake binne ko ɗaya ba in da yadda zan yi. Ita ta ratsa da su kowace bazara ba ta rasa ɗaya ba, ni ina falo da jarida, taku goma tsakaninmu.

Na yi wa matar nan magana mai yawa, yawancinta gyara da bayani. Wadda ya kamata in yi gajeruwa ce, ban yi ba: "Dinatu, ki nuna mini yadda ake yi."