Ƙa'idar Farfesa

Ɗakin da aka kwantar da Farfesa shi ne na ƙarshe a sashensa na asibitin, mai kaurin bango da jan layi a ƙasa, ɗan nesa da gado. Duk mai shigowa a bayan layin yake tsayawa. Shi da kansa ya nuna inda za a ja shi, tun bai yi furfura ba.

Ƙuruciyarsa ta ƙare a kan binciken wani irin ƙari mai ɓuya a hanji, wanda hoton asibiti na yau da kullum ba ya kamawa. A sashensa ana yi wa majinyaci allurar sinadarin nukiliya, ya bi jini ya liƙe wa ƙarin, sai ya fito a na'ura ɗigo-ɗigo. In an ga inda yake, a aika masa da wani sinadarin mai ƙarfi ya ƙone shi. Wanda aka yi wa na biyun dole ya nisanci jama'a, musamman jarirai, har tururin sinadarin ya ragu a jikinsa. Farfesa ne ya rubuta ma'aunin. Likitoci a ƙasashen da bai taɓa takawa ba suna kafa hujja da takardarsa, ba tare da sun san fuskarsa ba. Da ƙarin ya kama shi shi ma, nasa hoton ya fito, shi ya karanta abinsa, har ya gyara wa wani ɗalibinsa rahoto. Yanzu an yi masa na biyun.

Ɗalibin ne ke riƙe da sashen yanzu. Da hantsi ya shigo da na'urar awo, ya miƙa ta daga bayan layi.

"Malam, saura kaɗan."

"Kaɗan ba lamba ba ce. Haka na koya maka?"

Ɗalibin ya faɗi lambar. Ta ɗara ma'aunin da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Matsalar ita ce Auta, 'yarsa. A wani gari ta haihu yana tsakiyar jinya, gobe kuma za ta bi mijinta ƙasar da ya samu aiki. Farfesa bai taɓa ɗaukar jikarsa ba, kuma ya ga hotonsa, ya san ba lallai ya kai dawowarsu ba.

"Malam, kai ka ce mana ka bar rara mai yawa a lissafin," in ji ɗalibin, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗan ɗauka ka mayar ba zai yi wa jaririyar komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Bayan fitarsa Farfesa ya tashi ya wanke hannu sosai, ya canza riga, ya zauna a bakin gado.

Da rana Auta ta iso da jaririyar a kafaɗa, ta tsaya daidai layin.

"Baba, ka rame. Ko abincin nasu ne ba ka ci?"

"Ramar ango ce. Ina amaryar tawa? Juyo mini da ita in ga ko ta kai a biya sadaki."

"Wannan tsohon? Ta ce ba ta yi."

Ta juyo da ita. Kunnuwan irin nasa ne, manya. Farfesa ya miƙe, ya tako, ya buɗe hannuwa.

"Kawo ta nan. Yanzu zan mayar miki."

Auta ta ja da baya. Ba da yawa ba, amma ta ja, ta kuma dafe bayan kan 'yar da tafinta.

"Baba, na tambayi likita lambar. Kuma jiya na nemo takardarka a waya na karanta. Ban gane rabinta ba, amma wurin jarirai a fili ka rubuta shi."

Zai iya yi mata bayanin rarar. Ya san inda take da yawanta. Sai dai bai taɓa sa ta a rubuce ba, don kada wani ya yi abin da yake shirin yi.

Ya sauke hannuwansa.

"Kin karanta daidai," ya ce.

Ta ɗaga hannun jaririyar ta kaɗa masa. Sun ɗan taɓa hirar kaya da jirgi, sannan jaririyar ta fara kuka, Auta ta ce bari ta je kafin ta tara musu jama'a. Farfesa ya bi su har layin, ya tsaya daga nasa ɓangaren yana jin kukan yana nisa a baranda.