Jana'izar Mai Rai

A garinmu, duk wanda zai tuƙa kwalekwalen ƙarfe ya bi ta kan bama-baman da jiragen Amurka suka zuba a mashigin kogi don su fashe hanya ta buɗe, sai an yi masa jana'iza tukuna, yana tsaye da ransa. A kunna turare, a ajiye kwanon shinkafa da dafaffen ƙwai, shugaban gari Tsoho Khiem ya karanto halayensa na kirki. Ƙarfen ne ke tayar da bam ɗin. Mai gudu ya tsira, wanda ya makara shi ke nan.

Yayata Thom sau uku ana yi mata. Ta dawo a jiƙe tana dariya, ta cinye ƙwan jana'izarta.

Ni fa? Ni ke tone ƙasa da hannu a gefen bama-baman da suka nutse a hanya, ina jin ɗuminsu a tafina. Ba turare, ba ƙwai. Kullum na miƙa sunana don kogi, Tsoho Khiem ya kau da kai. Kishi ya ci ni, ba na ɓoyewa. A kowace jana'iza Inna ta yi wa Thom kuka har muryarta ta dushe, ni kuwa ko "sannu" sai ta ga dama.

"Yaya gawa, an tashi lafiya?" nake ce mata.

"Lafiya lau, Sen. Wanke min kwanon, mamaci ba ya wanke-wanke."

A karo na huɗu ta hana a yi komai. "Kun ƙarar da yabon, Baba Khiem, maimaici kawai kuke yi. A ba Sen ƙwan, ta daina hararata." Na ƙi karɓa. Da hantsi muka ji ƙarar, ruwa ya tashi sama da bishiyar kwakwa. Hularta kaɗai aka tsamo.

Mashigin bai buɗe ba, motocin shinkafa na jira. Na tafi gidan Tsoho Khiem in sake miƙa sunana, na tarar Inna ta riga ni, ta tare ƙofa.

"Na sha gaya maka," take ce masa, "waccan ta fi ƙarfina, na sallama. Wannan kuwa ko da wasa ba zan tsaya a kan gawarta ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ashe ba shi ne ke kau da kai ba, Inna ce ke hana shi.

Na koma gida. Ƙwan na nan cikin kwano gaban hoton Thom. Yanzu nata ne da gaske, ba ni da ikon taɓawa.