Kayan Bappayo Sun Maƙale a Teku

A shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, kuɗin fetur ya shigo Gombe, kowa na son cin abin da ya fito daga Turai. Bappayo, akawun kamfanin auduga, ya ajiye aiki ya gina kanti a Tudun Wada irin wanda ya gani a Kaduna: kantoci a jere, firji mai ƙofar gilashi, mai saye ya ɗauki kaya da hannunsa. Ya yi odar shinkafar waje da madara da kifin gwangwani.

Yayarsa Hadijatu, mai sayar da kindirmo da man shanu, ta nemi ya ba ta ko kusurwa ɗaya.

"Haba Adda, kantin zamani ne fa," in ji shi. "Wa zai shigo nan neman nono?"

Saura kwana huɗu a buɗe, an riga an gayyaci jama'a, sai ga saƙo daga Ikko: jirage sun cunkushe tasha, kayansa na kan teku, babu ranar sauke su. Hadijatu ta tarar da shi zaune a tsakiyar kanti, ya rafka tagumi. Ta dubi kantocin nan wayam, sai dabara ta faɗo mata.

"Tashi ka ba ni motarka!"

"Ina za ki?"

"Kai dai ba ni!"

Ta je Dadin Kowa ta lodo shinkafa da busasshen kifi. Washegari ta nufi Kaltungo wurin ƙawarta Margaret, ta kwaso zuma. Matan gidansu suka duƙufa, wasu na tsince tsakuwa, wasu na wanke kwalabe, ana shewa ana ɗurawa. Kindirmo kuwa ta jera shi a firji.

Ran Asabar mutane suka cika ƙofa maƙil. Malam Isaiah, hedimasta daga Herwagana, ya zaga kantin sau biyu.

"Ina kifin gwangwanin da aka ce?"

"Yana teku, Malam," in ji Hadijatu, ta miƙa masa kofi. "Ɗanɗana wannan tukuna."

Ya kurɓa, ya zaro ido. "Kai! Nono da sanyi haka? Ba ni kwalba uku!"

Nan fa aka yi caa a kan firji. Wasu sun fita suna gunagunin an yaudare su, amma kafin la'asar babu kindirmo, babu zuma. Hadijatu na ta kai da kawo, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba.

Bayan wata biyu gwangwanaye suka iso. Bappayo ya jera su a hagu, ya bar mata ɓangaren dama. Da ta lura, sai ta ce masa shinkafar wajen ta tare hanya, a matsar da ita baya.

"Adda, kantin nawa ne ko naki?"

Ta yi dariya, ta ci gaba da jan buhun.